Dubu biyu a tafin hannu, NIN da BVN a wayar baƙo: muhawara a zauren 'yan Sakkwato

Baban Amira (Runjin Sambo):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masana harkar banki da ke zauren nan. Wasu samari na zagaya unguwanni da wayoyi, wai rajistar tallafi suke yi. Su ɗauki hoton takardar NIN ɗinka, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, su karɓi BVN, lambar tantancewa ta banki, su ce ka kalli waya ka ƙifta ido, ka juya kai dama da hagu, sannan su miƙo maka dubu biyu nan take, wai somin-taɓi ne kafin babban kuɗin ya sauka. Ba katin shaida a wuyansu, kuma ba ta hannun mai unguwa suka biyo ba. Mata da tsofaffi suka fi ba su. Da na yi magana sai aka ce mini ai ba a cire kuɗi da BVN. Haka ne? In haka ne, su me suke samu da har suke biya?

Ɗan Illela:
Wa alaikumus salam. Haba Baban Amira, mi za su sata? Tsohuwad da ko sisi babu cikin akawun nata, in anka ba ta dubu biyu ai ita tac ci riba. Mai kuɗɗi shi ka tsoron ɓarawo. Ku bar mutane su amshi rabonsu, wanga lokaci ba a wasa da dubu biyu.

Kawu Mai Ritaya:
Ɗana na Illela, tsaya tukuna. A banki na yi aiki har na ajiye, kuma zan fara ba ka gaskiyarka: BVN ita kaɗai ba ta fitar da kuɗi. Lamba ce mai alƙaluma 11 da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014, don a gane mai wannan asusu da mai wancan mutum ɗaya ne. To amma ba kuɗin tsohuwar ake nema ba. Sunanta ake nema.

Ku lura da abin da Baban Amira ya ce: ƙifta ido, juya kai. Wannan shi ne abin da manhajojin bankunan waya ke buƙata kafin su buɗe asusu, don su tabbatar mutum ne mai rai a gaban kyamara ba hoto ba. Ke nan tana tsaye a ƙofar gidanta aka buɗe asusu da sunanta da fuskarta, lambar waya da lambar sirri kuwa suna hannun yaron. A Disambar 2023 Babban Banki ya ba da umarnin kowane asusu, har ƙananan na waya, sai an haɗa shi da BVN ko NIN. Buɗe asusu da sunan ƙarya ya yi wuya, sai 'yan damfara suka koma sayen sunan gaskiya. A Yulin 2025 EFCC ta ce akwai matasa kimanin 12,000 da ke wannan sana'a a faɗin ƙasar nan, suna sayen bayanan mutum a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar wajen 5,000. Kun ga har farashin ya zo daidai.

Ranar da aka damfari wani a Legas ko Fatakwal, kuɗin ya bi ta wannan asusu, sunan wa jami'an tsaro za su gani a takarda?

Ɗan Illela:
To sai ta ce ba ita ba ta. Ai ko makaho ya san tsohuwa ba ta iya wagga aika-aika.

Lauya (Gawon Nama):
Za a gane, Ɗan Illela, amma yaushe? Bayan an daskarar da asusunta na gaskiya, an sa BVN ɗinta cikin jerin waɗanda ake sa wa ido, 'ya'yanta sun yi ta safa da marwa tsakanin banki da ofishin 'yan sanda, an nemi mai tsaya mata. Fuskarta ce a rajistar, kuma da yardarta ta kalli kyamarar. Wanke kai daga irin wannan ba aikin yini ɗaya ba ne.

Mu nan kuma muna da abin da ya fi damfarar Legas tayar da hankali. Kowa ya san halin da Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo suke ciki. Mai neman kuɗin fansa ba ya kira da layin da ke ɗauke da sunansa, mai kai masa saƙo ba ya karɓar kuɗi a asusunsa. Layi da asusun wani suke nema, wanda ba zai taɓa sanin an buɗe ba. Ni da a ce sunan mahaifiyata ya fito a irin wannan bincike, gara a kwashe duk abin da ke asusuna.

Maman Khalifa (Mabera):
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi sun shigo layinmu. Ni ban ba su ba don maigida ba ya nan, amma maƙwabta da yawa sun bayar. Kawu, wanda ya riga ya bayar fa?

Kawu Mai Ritaya:
'Yata, ya tafi bankinsa da ƙafarsa, ya rubuta takarda cewa rana kaza wasu sun karɓi bayanansa, ya nemi a duba masa asusun da ke rataye da BVN ɗinsa, ya kuma karɓi kwafin takardar da hatimin banki a jiki. Ya sanar da 'yan sanda, ko ofishin EFCC, tunda suna da ofishin shiyya a nan Sakkwato. Amfanin takardar shi ne ranar da magana ta taso, yana da shaidar shi ya fara kai ƙara. Mai unguwa ma a gaya masa, don ya sa a yi shela a masallaci.

Mai POS (Tsohuwar Kasuwa):
Ku bari in hwaɗi tawa, don kullum mu aka zagi. Duk wanda kuɗɗinai sunka ɓace sai shi ce mai POS na. Awo, akwai ɓata-gari cikinmu, ban musu ba. Amma ku zo ku zauna rumfata ku ga abin mamaki. Alhaji shina cikin mota, shi miƙo kati ta taga, shi ɗaga murya shi hwaɗi PIN nai kasuwa duk tana ji. In nic ce Alhaji sauko ka danna da hannunka, sai shi ce wai ni ban yarda da kaina ba? Mata su aiko yaro ɗan shekara bakwai da kati, an rubuta PIN ga takarda an naɗe katin da ita. Wani ma bisa bayan katin yar rubuta da biro. Ranad da katin yaf faɗi cikin Keke Napep, wa za a kama?

Kuma ina roƙo, kowa shi riƙa duban katinai in an maido mai. Dabarar da ɓarayi ka yi bakin ATM ita ta musanya: shi ce bari in taimake ka Baba, shi ga PIN, shi maido maka wani mataccen kati mai kala guda. Sai ka kai gida alat shi hwara shigowa.

Malamar Firamare (Arkilla):
Mai POS ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Matsalarmu ba jahilci ba ce kawai, don na ga masu digiri suna yin haka. Kunya ce. A wurinmu, ka rufe hannu kana danna lamba a gaban mutum, kamar ka ce masa ɓarawo ne. Ƙanin miji ya ce Yaya ara mini katinki in ciro, wace ce za ta ce a'a? Ɗan maƙwabci ya ce Inna kawo wayar in duba miki, ta miƙa. Baƙo ya yi sallama da fara'a, ya ambaci sunan gwamnati, sai mu ga rashin ladabi ne mu tambaye shi takardarsa. Ɓarawon bayanai a garin nan ba ya fasa kwamfuta, sallama yake yi a ba shi.

Wani abin kuma: takardu. Kwanaki na sayi gyaɗa a bakin hanya, takardar da aka ƙunsa mini fom ne na neman aiki, da hoton yarinya, da ranar haihuwarta, da NIN, da lambar waya, da sunan mahaifiya. Daga wani shagon fotokwafi ko wani ofis aka kwaso aka sayar wa masu awo. Yarinyar nan me ta yi ba daidai ba? An ce ta kawo, ta kawo.

Lauya (Gawon Nama):
Malama, Allah ya saka. Nan nake son mu yi adalci, don Kawu da Mai POS sun ɗora kayan duka a kan talaka. Ni ban yarda ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, haka ne, amma a wannan magana wa ya baza daddawar a tsakar gida? Makaranta ta ce kawo NIN, asibiti ya ce kawo, mai ba da hayar shago ya ce kawo, ɗan siyasa ya ce a tara masa na mutanen mazaɓa. Ba mai gaya maka inda zai ajiye.

A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya a kan naira 100, har ta ce ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani don ta nuna abin ba wasa ba ne. Hukumar NIMC mai ba da NIN ta ce ba a kutsa cikin rumbunta ba. Ko ma ta ina suka fita, ba ministan ne ya miƙa wa yaro a ƙofar gida ba.

Kuma doka tana nan. A Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC. Duk mai karɓar bayananka wajibi ne ya gaya maka me zai yi da su. Kana da ikon janye yardarka, kana da ikon neman a goge. Idan bayanai suka zube daga hannun kamfani ta yadda za su iya cutar da mutane, awa 72 aka ba shi ya sanar da hukuma. Tarar manyan kamfanoni tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Shi kuma mai sojan gona da bayanan wani, sashe na 22 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya tanadar masa ɗauri har shekara 5, ko tara har naira miliyan 7, ko duka biyun.

Ɗan Illela:
Barista, doka ga takarda ta. Wa kag ga an ɗaure don ya ƙunsa gyaɗa da fom?

Lauya (Gawon Nama):
Wa ka ga ya kai ƙara? Hukuma ba ta duba, sai an kai mata.

Kawu Mai Ritaya:
Barista, ban ce hukumomi ba su da laifi ba. Amma ni tsoho ne, abin da hannuna zai iya kaiwa nake dubawa. Gyaran ofisoshin Abuja ba a hannun Maman Khalifa yake ba. Hana yaro ɗaukar hoton fuskarta kuwa a hannunta yake yau ɗin nan. Kuma ko an sayi NIN ɗinka a naira 100, mai sayen bai gama ba, sai ya kira ka ya karanto maka sunanka da ranar haihuwarka don ka yarda daga banki yake, sannan ya ce ka faɗo lambar da aka turo maka yanzu. Wannan lambar ta OTP ita ce ƙofar ƙarshe, kuma kai kaɗai ke buɗe ta. Ba ma'aikacin bankin da zai tambaye ka OTP ko PIN ko lambobi ukun da ke bayan kati. Wanda ya tambaya, ko ya san sunan kakarka, kashe wayar.

Injiniya Mai Waya:
Salam. Ina ta karatu ina jiran a zo wurina, ba a zo ba. Duk kuna maganar NIN da BVN, kun manta ɗan ƙaramin abin da ya fi su haɗari: sim.

Wanda ya fizge waya a Babbar Kasuwa ko a tasha, sau da yawa ba wayar ce ta dame shi ba. Zai zare sim ya sa a ƙaramar waya. Alat na banki a layin yake shigowa, ya san bankinka ke nan. BVN ana tambayarta daga layin da aka yi rajista da shi ta *565*0#, NIN kuma ta *346#. An yi waɗannan lambobi don sauƙaƙa wa mai layi, amma su ba su san hannun wa layin yake ba. OTP ma nan zai faɗo. Kai kana can kana cewa ai wayata da zanen yatsa take buɗewa. Ka kulle ɗaki ne ka bar mabuɗi a jikin kwaɗo.

Maganin bai kai minti biyu ba, kuma kyauta ne: sa wa sim ɗin kansa PIN. Yana cikin saitin tsaro na kowace waya, har 'yar rakani-masallaci. Da zarar an zare shi an sa a wata waya, ba zai yi aiki ba sai an danna lambar. Sai dai a kiyaye: in ka kuskure sau uku zai nemi PUK, wadda ke jikin faffaɗan katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, in kuma aka kuskure PUK sau goma sim ya mutu. Kada a yi ta cinke. A nemo katin nan tukuna, ko a tambayi kamfanin layi.

Sannan masu kawo mana gyara, don Allah ku riƙa zare sim da memori kafin ku bar waya. Masu sayar da tsohuwar waya kuma ku fitar da akawun ɗinku na Google, ku goge komai. Ana kawo mini wayar da aka saya hannu, in buɗe in tarar da hoton katin ATM gaba da baya, da takardar NIN, da fasfo na mai ita na farko.

Ɗalibar Danfodiyo:
Injiniya ka ƙara da WhatsApp. A zaurukan ajinmu abin ya zama ruwan dare. Wani zai kira ki da sallama, ya ambaci sunan zauren, ya ce za a yi taro ta intanet da daddare, an turo miki lamba shida ki karanto don a sa ki a ciki. Kina karantowa WhatsApp ɗinki ya koma wayarsa. Daga nan sai ya bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya: ina asibiti, tura mini dubu ashirin zuwa gobe. Da hotonki, da sunanki. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a saitin WhatsApp, ita ma lamba shida ce amma ke kika zaɓe ta. Kuma duk wanda ya nemi kuɗi a rubuce, a kira shi a ji muryarsa.

Ga kuma linkin da ake ta turowa: tallafin kaza, bashin ɗalibai, ɗaukar ma'aikata, tura wa mutum goma sha biyar kafin a ba ka. Iyayenmu ne ma suka fi yaɗawa, da kyakkyawar niyya. Shafin gwamnatin Najeriya da .gov.ng yake ƙarewa, kuma ba ya cewa ka tura wa kowa.

Ɗan Illela:
To ni duk wanga bai shahe ni ba. Layina ma ba da NIN nau anka buɗe shi ba. Lokacin da anka rufe layukka, wani yaro mai lema yab buɗe min shi da ɗari biyat, ko takarda ban kai ba. Kun ga in an sace, babu abin da za a gani nau.

Injiniya Mai Waya:
Yaya na Illela, to da NIN ɗin wa ya buɗe?

Ɗan Illela:
Oho. Shi yas sani.

Injiniya Mai Waya:
Ai ka amsa tambayar Baban Amira da bakinka. Tun Disambar 2020, zamanin minista Pantami, aka ce kowane layi sai da NIN, aka yi ta ɗaga wa'adi har zuwa Satumbar 2024. Layin da ke aiki yau akwai NIN a jikinsa. In ba naka ba ne, na wani ne, wataƙila na irin tsohuwar da ka ce ta ci riba. Kai mutumin kirki ne, shanu da albasa kake kira a kai. Wanda ya zo bayanka wurin mai lemar fa?

Kuma kai ma kana cikin haɗari. Ranar da wayarka ta faɗi, ka je walkam bak don a dawo maka da lambarka a sabon sim, za a ce mai NIN ɗin ya zo a ɗauki hoton fuskarsa. Ina za ka gan shi? Shi kuwa in ya ga dama ya je ya karɓi layin, alat ɗinka da OTP ɗinka su koma hannunsa, kuma a takarda shi ne mai gaskiya.

Ɗan Illela:
Kai Injiniya, ka cika baƙin labari. To ya aka gyara shi?

Injiniya Mai Waya:
Ka yanki sabon layi da NIN ɗinka a ofishin kamfanin, ba a gindin lema ba, ka je banki ka cike fom a mayar da alat da BVN kansa. Tsohon ka bar shi na gaisuwa har abokan ciniki su saba da sabon.

Malamin Zaure:
Assalamu alaikum. Na ji Malama ta ambaci kunya, ina so in ɗan yi gyara, don kada yara su ɗauka addini ne ya ce a miƙa. Kunya alheri ce, amma ba ita ce sakaci ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta, a kafa shaidu. Da muminai ake magana, ba da ɓarayi ba. Ke nan neman tabbaci ba zargi ba ne. Ka tambayi baƙo takardarsa, ka rufe hannu kana danna lambarka, ba ka munana wa kowa zato ba, ka ma kare ɗan uwanka daga a zarge shi gobe.

Wanda kuma ya sani sarai sunansa za a yi aiki da shi, ya ce ba ruwansa tunda an biya shi, ya sake tunani. Ba a taimakekeniya a kan saɓo. Su kuma yaran da ke yawon karɓa: 'ya'yanmu ne, a unguwanninmu suke kwana. Iyaye su tambayi ɗansu wace irin rajista ce wannan da ake biyan mai yi da wanda aka yi wa.

Malamar Firamare (Arkilla):
Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara. Da za a faɗi haka a mumbari ranar Juma'a, ya fi saƙon banki dubu, don saƙon bankin da Turanci yake zuwa, iyayenmu kuma ba sa karantawa.

Baban Amira (Runjin Sambo):
Akwai wanda ya yi mini magana ta gefe, ba ya son sunansa ya fito. Ya ce bai taɓa cin bashin waya ba, amma wani kamfanin bashi na ta kiransa, har sun tura wa surukinsa saƙo wai shi mayaudari ne.

Lauya (Gawon Nama):
Biyu ce. Ko wani ya ci bashi ya sa lambarsa a matsayin mai tsaya masa ba da saninsa ba, ko an ci da bayanansa. In ta farko ce, ba a binsa ko kwabo, ba a zama lamuni sai da yarda. In ta biyu ce, ya nemi rahoton bashinsa. Akwai kamfanoni uku masu lasisi da ke tara tarihin bashin mutane, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. A nan zai ga ko akwai bashin da bai sani ba. Tura wa dangi saƙon cin mutunci kuwa laifi ne ko da bashin gaskiya ne. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ke karɓar wannan ƙorafi, kuma tun 2023 Google ya hana manhajojin bashi shiga lambobi da hotunan da ke wayar mutum. Ya adana saƙonnin, kada ya goge don haushi.

Kawu Mai Ritaya:
Kada ya yi wasa da shi. Tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar bin BVN ya cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum na wani bankin. Wanda aka ci bashi da sunansa yana iya wayar gari ya ga an taɓa kuɗin da ya tara a wani wuri dabam.

Tunda an zo nan, ranar da waya ta ɓata kada a tsaya neman ta. A ari wayar na kusa a rufe asusu tukuna. Yawancin bankuna na da lambar rufewa da ake dannawa daga kowace waya, da yawansu da 911 suke ƙarewa. Kowa ya tambayi ta bankinsa yau, ya rubuta a takarda ya sa a aljihu, ba a cikin wayar da za a sace ba. Bayan nan a kira kamfanin layi a rufe sim, sannan a sanar da dangi. In kuɗi sun riga sun fita, a rubuta wa banki a karɓi lambar ƙorafi. Mako biyu ba su warware ba, a kai sashen kare masu hulɗa na Babban Banki. Na kamfanin layi kuma a kira hukumar sadarwa ta NCC a 622.

Maman Khalifa (Mabera):
Kawu, duk na ji, amma ga tawa matsalar da ba wanda ya taɓo. Surukata idonta ya yi rauni, ba ta karatu, ba ta iya danna komai. Kuɗin da 'ya'yanta ke turo mata, jikoki ke ciro mata. Yau wannan, gobe wancan, PIN ɗinta duk gidan an sani har masu aiki. In ce a canza, a ce matar ɗa ta zo raba gida. Kuma layin da alat ke shiga na marigayi maigidanta ne, tun rasuwarsa yana cikin akwati.

Injiniya Mai Waya:
Hajiya, na akwatin nan ya fi gaggawa. Layin da ya daɗe ba a kira ba a sa kati, kamfani na karɓe shi ya sake sayar wa wani. Sabon mai layin zai fara ganin alat ɗin Inna. Haka ke faruwa da 'yan ci-rani da masu tsallakawa Nijar su daɗe. A gwada kiran lambar yau. In ta shiga wani ya ɗauka, gobe da safe a kai Inna banki.

Kawu Mai Ritaya:
Ko ba ta shiga ba a kai ta. A yankar mata layi da NIN ɗinta, a mayar da alat kai. Batun PIN kuma ba ke za ki faɗa ba, 'yata, kin yi gaskiya. Maigidanki ya tara 'yan uwansa su zaɓi mutum ɗaya da zai riƙe katin, a kuma nemi banki ya rage adadin da za a iya cirewa a rana.

Mai POS (Tsohuwar Kasuwa):
Kawu, mutum guda ɗin nan shi ka ba ni tsoro. Na ga inda ɗan da anka ba amana shi yac cinye, tsohuwa ba ta sani ba sai da ta zo da kanta nid duba mata. Gara alat shi tahi wayar wani, kati shi zauna hannun wani.

Lauya (Gawon Nama):
Alat a layin da ba nata ba? Ai mun koma gidan jiya, Mai POS. OTP ma can zai tafi.

Mai POS (Tsohuwar Kasuwa):
To a bar layin ga sunanta, wayar ta zauna ɗakinta, amma wanda ka karanta mata alat ba shi ka riƙon kati ba.

Maman Khalifa (Mabera):
Wannan zai yiwu. Autarta na gidan, ita za ta riƙa karantawa. Injiniya, na kira lambar marigayin yanzu, tana shiga amma ba a ɗauka ba. Wayar kuwa tana cikin akwati a kashe.

Injiniya Mai Waya:
In tana ringin alhali sim ɗin na akwati, layin ya riga ya fita hannunku. Kada ki sake kira, kada ki tura saƙo. Ki sa maigida ya kira bankin Inna yanzu a dakatar da hada-hadar waya a asusun, gobe ku tafi da ita da takardar NIN ɗinta da katin.